Jirage Biyu a Camaret

A tashar Camaret jirage biyu
na gogar juna kamar awaki a turke ɗaya.
Farin na roba ne, sumul,
injinsa ba ya gardama.
Shuɗin kuwa katako, ya sha gishiri,
filafilansa duk faci,
cikinsa warin kwalta da tsohon kofi.

Gwenaelle ta ce, "Baba, gwiwarka fa.
Ɗauki farin."
Gaskiyarta. Na auna gado, na ƙirga kuɗi,
na ƙwanƙwasa cikin kowanne
kamar mai sayen kankana.

Amma a jikin ƙofar shuɗin
wani ya tsaga tsawon ɗansa da wuƙa:
shekara bakwai, layi bakwai,
daga nan shiru.

Ruwa ya soma janyewa.
Har yanzu yatsana na kan layin ƙarshe.