Taku Huɗu

A tsibirin Amantani, tsakiyar tafkin Titikaka,
inda sanyi ke cizon kunne tun rana ba ta leƙo ba,
ni Rosenda ce mai karatun Lahadi,
don muryata ce ke kaiwa bakin ƙofa.

Ranar godiyar girbi
babana Hilariyon ya taho da buhun dankali a gadon baya,
ya dire shi gaban bagade,
ya zauna benci na uku, kusa da fasasshiyar taga.

Shekara da shekaru ana karanta mana Kalmar da Sifaniyanci,
tana wucewa ta saman hularsa kamar tsuntsu.
Ran nan ne na fara karanta ta da Kecuwa,
harshen da uwarsa ta yi masa faɗa da shi.
Wurin ya taɓo mai kawo baiko
alhali wani na can riƙe da shi a zuci.
A je a gyara tukuna, in ji Kalmar.
Bagade ba ya gudu.

Ban sauke numfashi ba benci ya yi ƙara.
Babana ya miƙe.
Fasto Saturnino ya ɗaga gira,
mata suka ce ko ciki ne ya murɗa masa.
Ko hularsa bai ɗauka ba.

Bakina na karatu, idona na taga.
Na gan shi yana gangara hanyar duwatsu,
ya ratsa tumakin Eulaliya,
ya kwance kwalekwale, ruwan cikinsa ma bai kwashe ba,
ya miƙi hanyar Kapachika.

Ba wanda bai sani ba a tsibirin nan.
Daren da aka binne kakana
dutsen iyaka ya yi taku uku
cikin gonar gwaggona Fermina,
dutse kuwa ba shi da ƙafa.
Ta naɗe masaƙarta, ta haye ruwa,
shekara goma sha ɗaya ba ta waiwayo ba.

Sai da duhu ya dawo,
tafin hannunsa duk ya ɗuri ruwa.
Bai dubi miya ba.
Ya ce, riƙe min fitila.
Muka hau tudu, ya sa ƙarfe ƙarƙashin dutsen,
yana nishi, yana mirginawa:
ɗaya, biyu, uku.
Ya tsaya. Ya tofa yawu a hannu. Ya ƙara ɗaya.
Na ce, Baba, ai uku ne.
Ya ce, na huɗun na jiran da ta yi ne.

Me ta ce maka?
Ba ta ce komai ba.
Ta dube ni, ta dubi kaina ba hula,
ta miƙo min ruwa a kofin mahaifinmu.

To me ya hana ka jira a yi addu'ar rufewa?
Ya yi dariyar da ba ta kai ido ba.
Rosenda, zuciyata lauya ce.
Ba ta minti goma, ta ci shari'a.
Da na jira amin,
da na tuna jirgi na yoyo, da iska, da ciwon gwiwa,
da na ci abinci na kwanta ina mai gaskiya.
Allah ya yi magana da harshen uwata.
In uwata ta kira, ban taɓa cewa ina zuwa ba.

Har yau Fermina ba ta tako gidanmu ba.
Amma da shuka ta zo
wani ya sa wake a taku huɗun nan,
layi a miƙe, irin na hannun mai saƙa.

Ni kuwa ina nan ina karatu,
muryata na kaiwa bakin ƙofa.
Akwai wasiƙa a ƙasan akwatina
da nake ce wa gobe tun bara.
Jirgin safe yana tashi ƙarfe bakwai.
Na ajiye ta cikin takalmina.