Kwanar Tsamiya

A hanyar Jahun, gab da garinmu,
kwalta ta taho miƙe kamar zaren saƙa,
sai ta karkace.

Injiniya ya ce laka ce.
Tanimu direban katafila
bai ce uffan ba;
shi ya kashe inji
ranar da ya ga farin ƙyalle a reshe.

Kakata Tabawa ta ce
Uwar Gona ke zaune nan
tun ba a yi kiran sallar farko ba.
Yau babu mai kai mata ƙwaryar nono,
ƙwaryar ma gara ta cinye.

Amma in magariba ta kawo jiki,
ɗan acaɓa, waya maƙale a kunne,
yakan sassauta gudu,
ya yi wa tsamiyar sallama.