Daren da Norway ta zama ƙarya

Ruwan Bergen ba ya sallama kafin ya shigo.
Kwana tara yana dukan rufin shagon Torunn,
mai busasshen kifi a bakin tashar jirgin ruwa,
har littafin bashinta ya sha, tawada ta bi takarda.
Ta ce wa ɗanta Eivind:
zuba min su a kwamfuta, na gaji da shanya.

Abin bai taka kara ya karya ba.
Suna, ƙasa, kilo nawa, an biya ko da saura.
Amma yaron ya zauna jugum
kamar mai zaɓen filin da zai gina gida.

Ya ɗauki XML, ya juya shi:
kowace kalma da ƙofar shiga da ƙofar fita,
kifi kilo ɗaya, kwali kilo goma.
Ya ajiye.

CSV ya zo a jere kamar gwano,
har aka iso adireshin wani mutumin Lisbon
mai waƙafi a tsakiya.
Layi ya tsinke, sunan titi ya faɗa gurbin kuɗi.

YAML ne ya sace zuciyarsa.
Fili fetal, iska na shiga tsakanin layuka.
Ya jera ƙasashe: SE, DK, PT, NO,
ya kashe fitila.
Da asuba na'ura ta ga NO, ta ɗauka a'a ake nufi,
ta rubuta ƙarya a gurbin ƙasa.
Mutum arba'in da bakwai,
har da mai gyaran raga na ƙarshen layi,
suka wayi gari ba su da inda suka fito.

Torunn ta yi dariya har kofi ya zube.
Ashe shekara arba'in ƙarya nake biya wa haraji?

Sai JSON, mai ƙugiyoyi, marar fara'a.
Waƙafi ɗaya ya yi yawa a ƙarshe, ya ƙi motsi.
Amma ba ya duba, ba ya shaci-faɗi,
abin da ka damƙa masa shi yake miƙo maka.
Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Da yamma uwar ta leƙo ta kafaɗarsa.
Ina gefen takarda? ta ce.
A ina zan sa cewa matar Oddvar ta rasu,
kada a tuna masa bashi sai bazara?

Eivind ya yi shiru.
Ya ƙara gurbi ɗaya, ya sa masa suna gefe.
Littafin na bisa murhu, yana bushewa a hankali,
ba wanda ya ce a jefar.