Akwatin Ma'azu

A Tawa, shiga gidan samari daren Asabar dala arba'in ne.
Ni mai facin taya ne a bakin tasha,
dala arba'in a wurina tuwon dare ne har da canji.
Amma kallo ba ya rasa ƙofa.
Wanda ya ɗauko benci biyar daga lakwal, ya shiga.
Wanda ya yayyafa wa fili ruwa tun la'asar, ya shiga.
Yaran Bilbis suna da bedi a bayan katanga,
kowa da reshensa kamar gonar gado,
rabin dandali suke gani, da ƙeyar mai ganga.
Mai haƙuri kuwa ya jira Alkasum mai ƙofa:
in wasa ya kusa ƙarewa sai hamma ta kama shi,
ya saki igiya, ya dubi wani gefe.

Ni akwati ne ya shigar da ni.

Na ƙarfe ne, shuɗi, da jirgin ruwa a murfi,
kwaɗonsa ya mutu, da tsumma ake ɗaure bakinsa.
Hamidin mai walda ya gan shi a ɗakinmu.
Ya ce wasan bana na ɗan bida ne,
mutumin da ya share shekara bakwai a Abijan,
kuma ɗan bida ba ya dawowa hannu na dukan cinya.
"Ara mana, ka riƙa shiga kyauta."

Ban gaya masa ba
cewa akwatin nan shi kaɗai ya dawo.
Ina da shekara tara direba ya sauke shi a tasha,
da riga biyu, da rediyo,
da wata takarda da mushe ya karanta mana ƙasa-ƙasa.

Duk Asabar Hamidin na shafa toka a gemu,
ya ɓullo ta tsakanin zannuwan gado biyu da suke kira labule,
akwati a ka, yana taƙama kamar mai shanu ɗari.
A buɗe, a tarar da takalmi wari ɗaya.
Fili ya kece da dariya.
Ni ma ina yi. Ban san da wane baki ba.

A bakin famfo Inna ta ji labari:
akwatinku ya zama ɗan wasa.
Ta yafa lulluɓin da take zuwa suna da shi.
Alkasum ya saki igiya don girmanta, ta ƙi wucewa.
Ta kwance bakin zane, ta ƙirga masa dala arba'in cif,
ta ce ba a zuwa tarbar baƙo da hannu wofi.

Ana gab da fitowar ɗan bida wuta ta ɗauke.
Ba wanda ya tashi.
Wayoyi suka kunnu ɗaya-ɗaya,
har daga saman bedi wani ya miƙo tasa.
A cikin wannan ɗan hasken shuɗin murfi ya bayyana,
Hamidin ya ce, "Salamu alaikum, masu gida."
Zali, wadda aka ba amsa, duhu ya cinye mata magana.

Daga benci na uku aka amsa:
"Alaikumus salam. Ka daɗe a hanya, Ma'azu."

Aka yi dariya, an ɗauka cikin wasan ne.
Hamidin ya dube ni, na sunkuyar da kai.
Ya gyara murya, ya ce, "Mota ce ta ɓaci, uwargida."
Ta ce, "To, aje kayan, ka sha ruwa."
Ya aje.
Ranar ba a buɗe akwatin ba.

Muna komawa ta bakin tafkin Babaye, kwaɗi na ta surutu,
ba ta ce uffan ba sai da muka kai zaure.
"Yaron nan yana da murya," in ji ta,
"amma ka gaya masa, a kafaɗar hagu babanka ke ɗaukar shi."

Da safe na ga ta ware dala arba'in
ta sa a ƙarƙashin kwanon sha.