Ranar Juya Agogo

A nan Tukumkari, sau biyu a shekara
ake sa mu taɓa agogo:
Maris a tura shi gaba da awa guda,
Nuwamba a dawo da shi baya.
Leandro ya ce tunda hannu ya riga ya tashi,
ranar ce ta sallamar tsofaffin harsasai.
Rabon bai yi daidai ba, wata takwas da wata huɗu,
amma ba a mantawa.
Shekara tara da binne shi, ni ban fasa ba.

Lahadi ce, babu tirela a bakin famfo.
Na kulle gidan man, na shimfiɗa tawul a kan kanta,
na zare bindigar daga kuben ƙuguna,
na fito da su ɗaya bayan ɗaya, su takwas,
na jera su tsaye kamar 'yan makaranta.

Ga na farkon, mai jiran gado a bakin bututu.
Kullum dare in cire shi, kullum safe in mayar,
har kansa ya nutse cikin kwanso,
ya gaza 'yan'uwansa tsawo da kaurin farce.
Wannan ba na harba shi.
Wanda aka yi ta dunguri, in ji Leandro,
ba a inda kake so yake fashewa ba.
Kwalba zai shiga, a kai wa Wendell mai shago.

Sauran bakwai tagullarsu ta dushe.
Sun sha gumina tun bazara,
sun gasu cikin mota a watan Yuli,
sun lashi man da nake shafa wa ƙarfen.
Wendell ya ce sau ɗaya a shekara ma ya isa,
wai harsashin da ke kwance cikin kwali a busasshen wuri
sai ya ga jikokin mai shi.
To, nawa ba a kwali suke kwana ba.
Perla, 'yar ƙanwata, ta ce ɓarna ce,
dala talatin don a huda gwangwani.
Na ce mata taya ma da sauran zanenta ake canza ta.

Bayan gari akwai busasshen rafi mai gaɓar jar ƙasa.
Na dasa gwangwanin wake, na toshe kunne, na ja da baya.
Ɗaya. Biyu. Kafaɗa ta tuna karatunta.
Uku, huɗu, gwangwanin ya yi tsalle.
Biyar.
Na shida ya ce ƙyas.

Shi ke nan abin da ya ce.

Na tsaya, baki na kallon gaɓa, ina ƙirga talatin
kamar yadda aka koya mini,
sai wani daren Agusta ya faɗo mini a rai:
ƙarfe biyu, wani dogo da hula har gira
ya tsaya a ƙofa bai ce uffan ba,
hannuna a ƙugu, bakina ya bushe.
Ashe ruwa yake nema, lagiretonsa ya tafasa.
Na cika masa jarka, ya yi godiya sau uku.
Duk tsawon daren nan wannan bebe yana tare da ni,
ina jingine da shi kamar bango.

Na fitar da shi, na juya shi a tafin hannu.
Ga tabon allura a gindinsa, tsaf a tsakiya.
Ta buga ƙofa, ba kowa a gida.
Na bakwai ya tashi lafiya.

A kan kanta na fasa sabon kwali.
Takwas masu sheƙi, sanyi kamar tsabar kuɗi.
Na rubuta kwanan wata a murfin da biron rasit,
ƙarƙashin layin bara, ƙarƙashin na bara waccan,
can sama akwai rubutun Leandro mai karkata hagu.
Fatana su ma su tsufa a jikina ba su yi magana ba,
in kai su rafi a watan Maris.

Sannan na taka kujera na sauko da agogon bango,
na mayar da shi baya.
An ba ni awa guda kyauta.
Na ɗora ruwan kofi, na zauna ina kallon titi.