Abin da Gatari Ya Bari

Ina saurayi a Gabi aka ce mana
gonar kirki ita ce wadda ido zai ƙetare
bai yi tuntuɓe da ko sabara ba.
Na wasa gatari, na bi umarni.
Kalgo, aduwa, har gawon da uwata Tabawa
ke ɗaure akuya a gindinsa,
na kwantar da su, na cinna wuta,
na tsaya ina taƙama a fili kamar tafin hannu.

Sai iska ta zo karɓar bashinta.
Sau uku nake shuka a damina guda,
rairayi na yanke hatsi tun bai yi kunne ba.
Matata na tafiya neman itace da asuba,
ta dawo azahar da kara da kashin shanu.

Bara waccan jikata Zalika ta zo daga jami'ar Maradi
da igiyar awo da waya mai lissafi.
Ta durƙusa gaban wani kututture
da na sare tun ubanta bai yi haƙori ba.
Ga tofo goma sha ɗaya a kansa.
Ta ce, Kaka, bar uku masu ƙarfi, rage saura.
Ta kira abin da wani dogon suna na boko.
Na yi dariya har da tari:
Yarinya, wannan ai sassaben Tabawa ne.

Ba ta ji haushi ba, ta rubuta.
Ta ba ni irin hatsi mai saurin nuna,
ta koya mini awon taki da murfin kwalba,
rami ɗaya, murfi ɗaya.
Ni kuma na nuna mata gawo,
mai zubar da ganye in ruwa ya sauka
don kada inuwarsa ta danne shuka,
ya yi kore da rani, lokacin da tumaki ke kuka.
Ita tana sa wa itace lamba a waya,
ni ina ɗaura masa jan tsumma.

Bana dami arba'in da biyu na kai rumbu,
ban da waken da ya yaɗu ƙarƙashin kalgo.
Gatarin na nan, na rage masa aiki.

Jiya na ɗaure akuya a sabon gawo.
Siriri ne tukuna, yana rausaya in ta ja igiya.
Na zauna kusa, ina tsaron su biyu.