Akuya Mai Lamba Ɗari Huɗu da Sha Biyu

Ƙarfe ɗaya na dare a Unguwar Zariya.
Fanka na tuƙa zafin bazara kamar tuwo,
ni kuma ina gaban allo
ina lallashin akuya guda ta bi waya.

Ba wani aiki ba ne, in ji Elhaji Tsahiru:
masu kiwon jar akuya, daga Tibiri har Madarunfa,
kowa ya buɗe salula ya ga tasa,
shekarunta, allurarta, nawa aka taya.

A rumbun bayanai tana nan lafiya lau,
ja kamar garwashi, ta Inna Barira.
Sai dai rumbu ba ya tafiya.
Kafin ta fita dole in warware ta,
in kaɗa ta zare guda na haruffa,
baka, waƙafi, ruwa biyu,
yadda can za a sake saƙa ta
ta miƙe da ƙafa huɗu.

Na ce, fita.
Ta ce, sai da uwata.
Uwar ta ce, sai da 'ya'yana.
Cikin 'ya'yan ga ta nan kuma
tana cewa sai da uwata.
Haka suka yi ta zaga turke
har igiya ta ƙare, na'ura ta shaƙe,
ta tofo min jan rubutu
mai tsawon hanyar Ɗan Isa.

Na tsinke igiyar. Na sake kira.
Yanzu ta fito, amma da aka nemi tarihin allura
sai aka ce an riga an rufe rumbu,
mai makulli ya tafi,
me ya hana ki ɗebo tun ƙofa na buɗe?

To. Na ɗebo duka.
Ta fito da allura, da garke,
da Inna Barira kanta riƙe da zanenta,
da lambar wayarta,
da bashin dusa jika uku
wanda ko surukinta bai sani ba.
Na yi maza na goge. Na waiga,
alhali ni kaɗai ce a ɗakin.

Ranar haihuwarta ma ta yi gardama:
Juma'a na zuba, Alhamis ta fito,
awa guda ta zube tsakaninmu da agogon wata ƙasa.
Farashinta ya tsiro wutsiya,
tara, tara, tara, tara,
kuɗin da babu dillalin da ya taɓa riƙewa.

Shayi ya huce. Sauro ya ci rabonsa.
Na kifa goshi a tebur,
sai na ji muryar Inna a kasuwar dabbobi
ranar da wani Bakatsine ya tambayi asalin akuyar.
Ba ta koma gida ta jawo uwar ba.
Ba ta tono kakar ba.
Ta dai shafa kunnen ta ce:
'yar Kyalla ce.
Ya gyaɗa kai. Wanda ke son Kyalla ya san hanya.

Na ɗaga kai na rubuta jeri da hannuna:
wannan ya fita, wannan ya zauna.
Uwa, lambarta kawai.
'Ya'ya, lambobinsu.
Mai ita, suna, ban da sauran.
Rana da agogonta a manne.
Kuɗi dala-dala, babu gutsure.

Na danna.
Layi bakwai, fari tas,
ta tsallaka ko kuka babu.

Ban yi guɗa ba, maƙwabta na barci.
Na adana sau biyu don ban yarda da kuran ba,
kuma kamar ya ji ni, ya ɗauke.

Da asuba saƙon jikan Inna ya shigo:
ɗari huɗu da sha biyu ta haihu cikin dare,
biyu, mace da namiji,
a ƙara su.
Ita ma yanzu uwar wasu ce.
Na jawo kujera, ina jiran wuta.